Shekarar da Injina Ya Koyi Suma

Ran nan wata yarinya ta kawo markaɗen tattasai, ta tsaya tana kallona ina naɗa igiya, sai ta ce wa ƙawarta, a kunnena kuwa, wai ai wannan ba wata sana'a ba ce, jan igiya ne kawai a zuba kaya. Na miƙa mata igiyar na ce bismilla. Ta ja, ta sake ja, har bakin mayafinta ya faɗa bokiti, injin ko tari bai yi ba. Na karɓa, na taɓa nan na taɓa can, na fizga, ya amsa. Shi ya sa na ce jikata ta ɗauko biro ta zauna. Ni ban yi boko ba, amma baki kam Allah ya ba ni, kuma akwai abin da ya kamata 'yan yanzu su ji.

Sunana Tabawa. A unguwarmu ta bayan Kusugu kuwa in ka ce Tabawa sai a tsaya tunani, Gwaggo Mai Inji aka sani. Injin nan da kuke gani a zaure, baƙi, mai tanki kamar ƙaramar tukunya, ba don markaɗe aka haife shi ba. Injin yankan ciyawa ne. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, lebura ne a wani gidan saukar baƙi, shi ke tura shi a fili, wasu wuƙaƙe na juyawa a gabansa suna aske ciyawa kamar wanzami. Da ruwa ya yi wuya aka daina ban ruwan filin, ciyawa ta mutu, aka fito da injin gwanjo. Malam ya ɗauko shi a kan amalanke, mutane na dariya, wai a Daura wa ke aske ciyawa, ai akuya ta isa. Ya kai wa mai walda, aka yar da wuƙaƙen da tayoyin, aka kafa kan injin a gindin ƙarfe, aka sa masa bel, aka haɗa shi da abin markaɗe. Masu dariyar nan matansu ne suka fara kawo wake.

Koyon farko da Malam ya yi min, bai bar ni na taɓa komai ba. Ya zaunar da ni kan turmi, ya ce in rufe ido. Ya tada injin, ya ce, "Yanzu me yake cewa?" Na ce ƙara yake yi mana. Ya ce a'a, saurara. Ya murɗa wani abu, ƙarar ta yi nauyi, ya ce wannan mai ne ya yi masa yawa. Ya sake murɗawa ta yi siririya tana katsewa, ya ce wannan yunwa ce. Haka muka yi ta yi har kunnena ya buɗe. Ya ce inji abu uku yake ci, da mai da wuta da iska, duk ran da ya tsaya, ɗaya ne aka hana shi, ki nemo wanne. Kayan aikinsa suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, kuma har yau su nake amfani da su: sifanar fulogi, da filaya mai karyayyen baki, da sukuddireba da aka yi wa ƙota da icen aduwa, da guntun sanfefa, da buroshin haƙori da ya gama aikinsa a bakin mutum.

Shi markaɗen kansa ma ba zuba kaya ba ne. Wake ake fara yi da safe, injin na da tsabta, sannan geron kunu, sannan waken awara, tattasai da attarugu su ne ƙarshe. Juya wannan tsari ki ga yadda mai jego za ta aiko miki da saƙo a kan kununta mai yaji. Ƙullun ƙosai ba ya son ruwa da yawa, na alale ya fi shi sakewa, kuma da yatsa ake ji, ba da ido ba. Haƙoran inji in kin matse su da yawa ƙullu ya yi zafi ya fara dahuwa, in kin sake su ya fito da tsaki-tsaki. Ga kuma abin da ake tsinta a cikin kwano. Na tsinci cokali, na tsinci ɗan kunne, na tsinci mabuɗin ɗaki. Wata ta yi kwana da kwanaki tana zargin 'yar riƙonta, ashe zoben yana cikin wake. Don haka hannuna ke shiga kwanon kowa kafin kayansa su shiga mazurari, ko da kuwa matar hakimi ce ta aiko.

To, yanzu ga shekarar da nake son ba ku labari. Malam ya rasu bayan kaka. Ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai kaifin ido, da wannan inji. Abin da na ji a raina ba shi na ce a rubuta ba. Ina takaba ina markaɗe, tunda a cikin gida ne. Ƙanin Malam, Ɗanjuma, manomi ne a Zango, ya zo ya ce zai kwashi Inna da yaran ya tafi da su can, ni kuma in koma gidanmu Baure. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka ake yi. Inna ta ce masa, "Muddin injin nan yana ciyar da gidan nan, ba inda za ni, kuma jikokina suna inda nake." Ɗanjuma bai iya tsallake maganarta ba. Ya juyo gare ni yana murmushi, dama abokin wasana ne, ya ce, "Matar yaya, ashe ƙarfe ne maigidan yanzu." Na ce, "Ya fi wasu ƙannen miji tashi da wuri."

Kuma ya ciyar da mu. Layi har waje. Wata rana wata mata tana jiran attarugunta ta ce, "Wannan inji ko gajiya ba ya yi," ba ta ce tubarkalla ba. Inna na zaune kan tabarmarta a bakin zaure, inda take wuni tana kaɗa zare, ta ji. Bayan kwana biyu ta karɓi murfin tankin ta sa a lalitarta ta fita. Da ta dawo, an yi wa murfin hular jar fata, baduku ya ɗinke ta tsaf ya liƙe da ƙaro, a tsakiya kuma ga laya. Ta ce maganin bakin mutane ne. Na yi godiya da gaske. Har na ga wani amfani: da can in injin na girgiza, fetur yakan ɗan jiƙa saman murfin, yanzu ya daina, ga shi kuwa shekarar fetur sai an sha wuya ake samu.

Bazara na shigowa injin ya fara. Ina tsakiyar waken Uwani mai ƙosai, wadda ita ce babbar mai kawo min kaya, sai na ji muryarsa ta sirance, ya yi tari, ya ɗago kamar zai ci gaba, ya mutu. Na naɗa igiya na ja, shiru. Na taɓa kansa, zafi kamar tanda. Na bar shi, na je na sha ruwa, na dawo na ja, ya tashi kamar ba shi ba. Washegari ya sake. Sai abin ya zama kullum: ya tashi lafiya, ya yi aiki har jikinsa ya ɗau zafi, ya sume, ya huta, ya farfaɗo. Matan layi suka sa masa suna Mai Farfaɗiya. Wata ta zo da maficinta tana yi masa fifita. Wata ta ce a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a ka kamar mai zazzaɓi. Inna kuwa ta san abin da ke faruwa, in ji ta. Bakin matar nan ne ya fi ƙarfin laya ɗaya. Ta aika aka ɗebo ruwan Kusugu ta yayyafa masa.

Ni abin da ya kama ni, ban da damuwa, mamaki ne. Abin da ya lalace ai ya lalace. Wane irin ciwo ne yake warkewa da kansa in an je an sha ruwa an dawo?

Uwani ta ja ni gefe ta ce, "Maman Rabi, ba gaba nake da ke ba. Amma wake in ya jiƙa ba ya jira, tsami yake yi. Azumi ya kusa, kin san yadda ƙosai yake a azumi. An kafa sabon inji a bakin tasha. In wata ya tsaya injinki yana wannan suma, can za ni, kuma kin san sauran za su bi ni." Na ce na sani. Maganar ta isa Zango kafin ta isa ƙarshen layinmu. Ɗanjuma ya aiko cewa ranar farko ta azumi zai shigo gari da motar wani abokinsa, yana da wurin kaya.

Na fara da abin da na iya. Na kwance fulogi na goge bakinsa da sanfefa. Na wanke soson da iska ke bi ta cikinsa, tunda a sanina nan ne hancin inji. Na zubar da baƙin mai na sa sabo. Na canja mai sayar min da fetur, don na zargi kwalbarsa. Injin ya karɓi duk wannan hidima, ya yi godiya, ya sume a lokacinsa.

Sai na kira Ɗanlami mai gyaran babur. Ya zo da hannuwa baƙi ƙirin, ya tsuguna, ya jira har injin ya mutu a gabansa, ya taɓa ya janye hannu.

"Yaya, zafi ne."

"Wannan kam ko mai fifita ta sani."

"To ke in zafi ya dame ki me kike yi?"

"In sha ruwa."

"Ban da shan ruwa? Ai mutum riga yake tuɓewa."

"Kai dai kake tuɓewa, mara kunya."

Matan suka yi dariya. Ya kwance rigar gwangwanin da ta rufe fanka da kan injin, ya jingine ta da bango, ya ce yanzu zai sha iska. Maganar ta shiga kunne, har ni. Amma ranar injin ya yi zafin da bai taɓa yi ba, har ƙauri yake. Na kai tafin hannuna kusa da kansa yana aiki, na ji ba iska. Fankar na juyawa, amma iskar watsewa take yi ko'ina, har ɗankwalina take kaɗawa. Na kashe shi, na mayar da rigar, na tada, na sake kai hannu. Sai ga iska tana fitowa ta tsakanin haƙarƙarin kan injin, da ƙarfi, da zafi. Ashe rigar hanya ce. Ita ke tattara iskar ta bi da ita inda ake so, kamar yadda indararo ke bi da ruwa. Ɗanlami da ya dawo na sa shi ya kai nasa hannun. Ya ce, "Babur ai gudu yake, iska ke zuwa da kanta. Wannan a zaune yake, na manta." Bai yi gardama ba, kuma zuwansa bai tashi a banza ba, don da rigar ta fita na ga busasshen ƙullu da ƙura sun cike haƙarƙarin nan. Na kankare su da tsinke da buroshi. Injin ya yi sanyi fiye da da. Kuma ya ci gaba da suma.

Nan kaina ya fara juyawa. In zafi ne, me ya sa da ya rage zafi bai daina ba? Na fara sa masa ido kamar mai kiwon mara lafiya. Sai na lura da wani abu da ya ƙi zama. Da safe, gari da sanyi, na cika tanki fal, sai ya mutu da wuri. Da azahar, rana ta take, mai ya yi ƙasa a tanki, sai ya daɗe yana aiki kafin ya faɗi. In da zafi ne ke kashe shi, ai da azahar ya kamata ya fi saurin mutuwa. Na faɗa wa Inna. Ta ce da safe mutane suka fi yawa, bakuna sun fi yawa. Ita ma lissafinta ya zauna daidai, ba yadda zan yi da shi.

Na sa mayafi na tafi wurin Okoro, wani Ibo mai sayar da kayan inji kusa da tasha. A garin nan ya girma, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu, kuma wurinsa Malam ke sayen komai. Na ce ya ba ni koyil, abin da ke haifar da wuta, don Ɗanlami ya ce in ba zafi ba ne to shi ne.

Ya ce, "Matar Malam, koyil yana yin haka, gaskiya ne. In ya tsufa, da ya ji zafi sai ya ɗauke wuta, in ya huce ya dawo. Kuma ina da shi."

"To ba ni."

"Ba zan ba ki ba."

"Yau ga mai shago ba ya son ciniki."

"Ina so. Amma in na ba ki bai yi ba, nan za ki zo ki tsaya ki yi min tatas a gaban mutane. Na san bakinki, Malam ya ba ni labari. Je ki kawo min shaida tukuna."

Ya nuna min yadda zan yi. Da zarar ya mutu, tun yana da zafinsa, in kwance fulogi, in mayar masa da wayarsa, in jingina shi da jikin injin, in ja igiya in duba bakinsa. In ba tartsatsi, koyil ne. In akwai, in ƙyale kuɗina a lalita. Washegari na yi. Sai dai ban jingina shi da kyau ba, na riƙe shi da hannu na ja igiyar. Wuta ta fizge ni har gwiwar hannu, na jefar da fulogin ya faɗa kwanon wata. Ban taɓa jin daɗin shan wuya irin na ranar ba. Wuta kam tana nan, lafiyayya.

Iska tana nan, wuta tana nan. Saura mai. Amma mai fal tanki, ina ganinsa da idona kullum. Sai na tuna muryar da yake yi kafin ya faɗi, siririyar nan mai katsewa, wadda Malam ya ce yunwa ce. Yunwa kuma ga abinci a bisa kansa?

Ana saura 'yan kwanaki azumi, da hantsi, ya mutu a kan geron wata. Ban jira ya huce ba. A ƙasan kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, akwai ɗan kofi da mai ke taruwa kafin injin ya sha. Na kwance shi. A bushe. Na zare tiyon da ke kawo mai daga tanki na riƙe shi ƙasa. Ya ɗiga, ya ɗiga, ya tsaya. Na ce to datti ne ya toshe gindin tankin, bari in leƙa. Na kama murfin na murɗa. Sai na ji ya ce fiss, kamar wanda aka daɗe da toshe wa baki. A daidai nan fetur ya tsiyayo ta tiyon ya jiƙa min ƙafa.

Na tsaya riƙe da murfin ina kallonsa. Duk matar da ta taɓa huda gwangwanin madara ta sani, in huda ɗaya ce madarar sai ta yi ta ɗiga tana tsayawa, sai an yi ta biyu a ɗaya gefen take zuba. Ashe tanki ma haka yake. Mai na fita ta ƙasa, dole iska ta shiga ta sama ta maye wurinsa. In ba ta shiga ba, tankin sai ya riƙe mansa. In ya cika fal, iskar cikinsa kaɗan ce, nan da nan ya shaƙe. In an bar shi ya huta, iska ta silalo a hankali ta gefen murfi, ya tashi. Zafi ba ruwansa. Lokacin da jikinsa ke ɗaukar zafi ne kawai ya zo daidai da lokacin da numfashinsa ke ƙarewa. Na juya murfin na duba cikinsa. Ga 'yar huda nan, ba ta fi bakin allura ba. Ta waje kuwa fata ce a kanta, da ƙaro, da ƙura da ƙullun da suka bi suka liƙe, da layar Inna zaune daram.

Na mayar da komai, na ɗora murfin a sake ban matse ba, na tada shi. Ya yi aiki har la'asar bai yi tari ba. Amma ba a barin murfi a sake. Fetur na fantsama, warinsa na shiga ƙullu, ga salansa, wato bututun hayaƙi, da zafi kusa. Dole fatar ta fita.

Kun ga a nan ne sana'ar take, ba a sifana ba. In na sa wuƙa na yanke layar, ko na faɗa a gaban matan layi cewa ita ce ta shaƙe injin, na ce wa duk unguwa tsohuwar nan ta kusa kashe injin ɗanta da hannunta. Inna ba ta ɗaukar kunya. Da ta naɗe tabarmarta ta jira motar Ɗanjuma, injin na aiki ko ba ya aiki. Maganarta ce katangar da ke tsakanina da Baure. In na huda fatar a ɓoye kuma, a gaban wa? Idonta ba ya barin injin, kuma huda laya ba abin da hannuna zai yi ba ne.

Washegari da layi ya watse, na ɗauki murfin na je na durƙusa gefen tabarmarta.

"Inna, wani abu ke damuna, ban san ko in faɗa ba."

"Kin riga kin fara."

"Abin da ke cikin layar nan, sunan Allah ne ko?"

"Da me kike tsammani, sunan kakarki?"

"To shi ne. Kullum da hannun baƙin mai nake murɗa ta. Tana wuni cikin warin fetur. Kuma in zan zuba mai, hannuna ɗaya da kwalba ɗaya da mazurari, sai in ajiye murfin a ƙasa."

Mazarin ya tsaya a hannunta. "A ƙasa?"

"A ƙasa, Inna."

"Inda ake takawa da takalmi? Inda akuya ke wucewa?"

Na sunkuyar da kai. Kuma ba ƙarya na yi ba, a ƙasa nake ajiyewa. Ta yi min faɗan da ba ta taɓa yi min ba tun da aka kawo ni gidan. Ta ce ga dalili nan, ana ta neman dalili. Ta ce yaran yanzu ba su san girman komai ba. Na ce a yi haƙuri. Ta ce miƙo nan. Ta zaro allurarta daga gefen ɗankwali ta shiga warware ɗinkin da kanta, zare bayan zare, ta ɓamɓare fatar, ta goge layar da bakin zanenta, ta ce in samo igiya mai tsabta a rataye ta can sama a wuyan mazurari, inda hannun mai ba ya kaiwa.

Murfin ya rage a cinyarta, tsirara, da busasshen ƙaro a kai. Ta juya shi, ta kai shi kusa da ido. Ta sa farce ta kankare tsakiyar.

"Wannan 'yar hudar," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Na sha ganin yaron nan, Allah ya jiƙansa, yana zura mata allura, in yana wanke injin. Ban san ko ta mece ce ba."

Ta zura allurar, ta fito ta ɗaya gefen. Ta hura. Sannan ta miƙo min murfin, da allurar a soke.

"Riƙe. Idonki ya fi nawa."

Ranar farko ta azumi, bayan azahar, Uwani ta zo da bokitanta, 'yan mata na biye da ita. Ta ajiye rabi a ƙofa, ta ce in ya sume da wannan rabin za a wuce tasha. Na cika tanki fal a gabanta, na matse murfin tam, na naɗa igiya. Muka yi nata, muka yi rabin da ke ƙofa, muka yi na waɗanda suka ji ƙara suka juyo daga hanyar tasha. Mai fifita ta zo da maficinta, ta ƙare da yi wa kanta. Ana cikin haka Ɗanjuma ya yi sallama, motar na waje. Ya tsaya yana kallon layi, ya matso ya taɓa kan injin ya janye hannu.

"Matar yaya, ai da zafi."

"Da zafi. Jira ka ga ko zai faɗi."

Ya jira har aka kira la'asar. Ya je ya durƙusa gaban Inna, ya ce an ce masa injin ya mutu. Ta nuna masa layar tana lilo a wuyan mazurari, ta ce, "Wuri ne ba ta samu ba. Yanzu ta samu." Ya sha ruwa da mu, da ƙosan Uwani, ya koma Zango, ya bar buhun geron da ya zo da shi a ajiye a ɗakinmu, motar ba kowa.

Inna ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji yadda layarta ta tada injin da bakanike ya kasa. Ban taɓa musa mata ba. Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne ko ta gane a lokacin da take kankare ƙaron nan. Na sha kallonta ina neman alama, ita kuwa sai kaɗa zarenta take. Ta tafi da amsar.

Yaran duk a gidan nan suka girma, ga 'yar ɗaya daga cikinsu tana rubutu. Injin an canja masa abubuwa da yawa, har koyil ɗin ya mutu daga baya, Okoro ya sayar min yana dariya. Murfin dai shi ne. Layar tana wuyan mazurari, fatar ta yi baƙi. Allurar tana gefen ɗankwalina. Yarinyar nan mai tattasai da ta gaji da jan igiya ta hango su duka biyun, ta ce, "Gwaggo, wai wanne ne yake sa shi aiki?" Na ce ta matso da kwanonta, akwai mutane a bayanta.